Ƙirjin Aro

A garinmu na kwarin Jiu, in ka ce Ilarie mai fitilu ba wanda zai tambaye ka wane Ilarie. Shekara talatin da takwas ya yi a bayan 'yar tagar ɗakin fitilu, nan bakin ramin kwal. Duk mai sauka ƙasa ta gabansa yake bi: ya miƙa lambarsa ta tagulla, Ilarie ya rataye ta a ƙusa, ya ba shi fitila. In ya fito ya mayar da fitila ya karɓi lambarsa. Lambar da ta rage a ƙusa bayan an tashi aiki, to mai ita yana can ƙasa, kuma Ilarie ne mutum na farko da zai sani. Ya haddace lambobin nan fiye da yadda ya haddace addu'o'in coci. Ka ce masa ɗari huɗu da sha biyu, zai gaya maka sunan mutumin, da sunan matarsa, da irin tarin da yake yi.

Shi kansa wata bakwai kacal ya yi a ƙarƙashin ƙasa. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka haɗa shi da wata goɗiya mai jan amalanken kwal, makauniya, ga baƙar zuciya. Ran nan ta ɗirka masa shuri a gefen hagu, haƙarƙari uku suka karye. Uwarsa ta ɗaura ɗankwali ta je ta zauna a ƙofar ofishin manaja kwana biyu, ta ce ramin nan ya ci mijinta, ba zai haɗa da ɗanta ba. Don su huta da ita suka ba yaron aikin fitilu.

Sai kuwa Allah ya ba shi ƙirji, faffaɗa kamar ƙyauren rumbu. A ƙungiyar mabusa ta ma'aikata shi ke busa ƙaton ƙahon tagullar nan da ake ratayawa a kafaɗa. Wai da numfashi ɗaya yakan kai mabusa daga ƙofar coci har gada. Haka dai ake faɗa, ni ban auna ba. Masu sauka ƙasa ba sa raga masa.

“Ƙirjin bijimi, aikin tsofaffi!”

“Ungo fitilarka, sarkin surutu,” zai ce. “Ka dawo mini da ita da hannunka, ba na son aike.”

Ya yi aure, Allah bai ba su haihuwa ba, matar ta riga shi tafiya tun da sauran ƙuruciyarta. Duk duniya jininsa da ya rage ƙanwarsa ce Saveta, gajeriya, mai tsabta, mai kaifin baki, wadda ta auri Zaharia, gwanin fasa dutse a hawa na can ƙasa. Zaharia bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Mai Ƙaho.

Kowace shekara bayan Ista motar hoto takan zo daga babban birnin gunduma, ta yi mako guda a filin ma'aikata. Mutum ya fito daga rami, fuska baƙi ƙirin, ya shiga layi, ya nuna lambarsa, ya tuɓe riga, ya manna ƙirji a jikin ƙarfe mai sanyi. “Ja numfashi. Riƙe. Na gaba.” Masu ɗaukar hoton baƙi ne, kullum ana sauya su, kuma ba fuska suka zo kallo ba. Bayan wata guda takardu su iso. Farar takarda, lafiya lau. Mai jan hatimi kuwa, an ga inuwa a huhu, in motar ta sake zagayowa a dawo a sake. In inuwar ta tabbata sai a fito da kai sama, ka koma shara ko ɗaukar katako, albashi ya rabu biyu, shekarun fanshonka su tsaya cak, layin samun gida ya wuce ka. Mu nan ba ƙurar muke tsoro ba, jan hatimin muke tsoro. Kada wani ya zauna yau a ɗaki mai ɗumi ya ce jahilci ne. Mai 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya ya fi shi sanin abin da yake gudu.

A shekarar 1980 ne, wata ranar Talata da rana tsaka, Zaharia ya zagayo ta ƙofar baya ta ɗakin fitilu, ya tura ƙyaure da ƙafa.

“Yaya Ilarie.”

Ilarie ya ɗago kai. “Yau kuma ni ne Yaya? To, me ka fasa?”

Zaharia bai yi dariya ba. Ya zaro takarda daga cikin hularsa ya ajiye a kan tebur. Jan hatimi ne.

“Jibi za a sake. Watan gobe za a raba gidaje, sunana na huɗu. Saveta ta riga ta ɗinka labule.”

“To me kake so in yi? In busa wa inuwar ƙaho ta gudu?”

“Ka ara mini ƙirjinka.”

Ilarie ya yi zaton wasa ne, sai da ya ga mutumin ya ajiye lambarsa a kan takardar.

“Minti biyu ne fa, Yaya. Ka shafa kwal, ka sa hulata. Wa zai duba? Shekara ɗaya tak, mu samu gidan. Baɗi da ƙafata zan hau sama, in zo in taya ka goge fitilu.”

“In kuma ciwon gaske ne?”

“Wane ciwo? Mura ce. Ka ga mara lafiya a nan?” Ya daki ƙirjinsa, tari ya sarƙe shi, ya haɗiye.

Akwai hoton Waliyyiya Barbara a bangon ɗakin, wadda masu haƙa ke yi wa sallama kafin su sauka. Zaharia ya kama hannun Ilarie ya ɗora a kan hoton. “Rantse Saveta ba za ta ji ba. Ko ina raye ko na mutu.” Ilarie ya rantse. Ran Alhamis ya shafa baƙi, ya shiga layi. Ba wanda ya ko kalle shi. Farar takarda ta zo, aka samu gidan a hawa na huɗu, Saveta ta rataya labulenta.

Shekara ɗaya ta zama goma sha ɗaya. Baɗi akwai kuɗin makarantar babbar 'yarsu Rodika, baɗin baɗi kuma fansho ya kusa. Kuma irin wannan magana ba ta ɓuya a tsakanin mazan da ke wanka a ɗaki ɗaya. Wani ya zo, wani ya biyo. Kowa da hular a hannu, kowa da 'ya'yansa a baki. Mutum tara Ilarie ya ara wa ƙirji. Akwai makon da ya tsaya gaban ƙarfen nan sau shida da suna shida. Bai taɓa karɓar kuɗi ko lei ɗaya ba, wannan kam a shaide shi. Sai dai ya tarar da kwalbar giyar tsuika a ƙarƙashin tebur, ko guntun naman alade a naɗe cikin jarida. In ya shiga mashaya akan matsa masa a kan benci. Ba a ƙara ce masa aikin tsofaffi ba. Kuma gaskiya ya ji daɗin abin. Mutumin da ya yi wata bakwai kacal a rami, yau ga shi manyan maza na tashi su ba shi hannu.

Daga baya aka fara jana'iza. Na farko yana da shekara arba'in da uku. A al'adarmu mai haƙa ba ya tafiya kabari sai da mabusa a gaba, don haka Ilarie ne ya busa musu ɗaya bayan ɗaya. Yana busawa yana kallon matan cikin baƙaƙen kaya. Bayan ta uku ya daina karɓar sababbi, amma tsofaffin bai iya ce musu a'a ba, don duk wanda ya tsaya da ƙirjinsa bayan shekaru na farar takarda, ranar asirin kowa zai tonu.

Zaharia ya yi ritaya a 1991 da farar takardarsa ta ƙarshe. Bai sake yarda ya ga likita ba sai da numfashi ya gagare shi. Ya rasu a kakar 2003, a gadon asibiti, a zaune, don ya yi wata biyar ba ya iya kwanciya. A lokacin an rufe ramin, an sa wa ɗakin fitilu kwaɗo, asibitin ma'aikata ya raba wa iyalai ambulan ɗin hotunan mazajensu don ba shi da wurin ajiya.

Doka ta ce matar da ƙurar rami ta kashe wa miji tana da diyya, da wani abu duk wata. Saveta ta cika takardu ta kai. Bayan wata shida amsa ta zo, ta aika aka kira Ilarie. Ya same ta a kicin sanye da rigar sanyi biyu, ta rufe sauran ɗakunan don kada ɗumi ya ɓata. Ta zuba masa mamaliga, tuwon masarar nan namu, da cuku, ta tura masa wasiƙar.

“Karanta ka ji, Yaya. Wai lafiya lau ya bar rami. Shekara goma sha ɗaya a jere ba ɗigon komai a huhunsa. Wai abin da ya same shi daga baya taba ce, ba ruwansu.”

Ilarie ya karanta.

“Rodika ta bugo daga Italiya,” in ji Saveta. “Ta ce in ba a biya ba kafin sanyi mai zuwa in sayar da gidan in koma wurinta. Ta gaji da turo kuɗin wuta, kuma ban ga laifinta ba. In je in yi me a Italiya? In zauna a bayan ƙofa ina jin yaren da ban sani ba? Wa zai kunna wa Zaharia kyandir a kabari? Wa zai cire masa ciyawa? Kai? Kai da ko kabarin matarka sai na tuna maka.”

“Ba za ki tafi ba.”

“Da me zan zauna? Da ƙahonka?” Ta ɗauko ambulan ɗin hotunan daga saman kabad, ta shafa shi. “Ga su nan. Nakan ɗaga su a taga in duba. Ban san me nake dubawa ba, amma dai ƙirjinsa ne.”

Ilarie ya sauko daga benen nan kamar wanda aka yi wa duka. Kwana tara yana zagaya gari bai san inda yake zuwa ba. Ran na goma ya nufi gidan Pantelimon, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin mutum taran. Ya same shi a bakin ƙofa yana shan hantsi, da robar iska a hanci.

“A'a, ga huhuna ya zo gaishe ni!” in ji Pantelimon. “Zauna, huhuna. Ya kake? Ina fata kana kula mini da kanka.”

“Bar wasa, Panti.”

“In bar wasa in kama me? Gudu?” Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da Ilarie ya riƙe masa kafaɗa. Da ya lafa Ilarie ya gaya masa maganar wasiƙar.

“To je ka faɗa mana.”

“Na rantse. Hannuna a kan Barbara.”

“Barbara ba sakarai ba ce, ta san abin da ake ciki. Kana jin tana can tana murna an bar bazawara cikin sanyi?” Ya ja iska, ya sake ja. “Ba rantsuwar kake tsoro ba, Mai Ƙaho. Matan kake tsoro. Yanzu suna gaishe ka a kasuwa, Baba Ilarie, Baba Ilarie, wanda ya busa wa mijina. Ran da suka ji, sai ka nemi wata kasuwar.”

“Ni na kashe su, Panti?”

“Mu muka zo da ƙafafunmu. Ni har kuka na yi maka, ka manta? Amma da ka kore ni da sanda, da yau ina hawa tudu.” Ya ɗaga kafaɗa. “Duka biyun gaskiya ne. Ɗauki wadda za ka iya ɗauka.”

Ran Litinin da safe ya je ya ce wa Saveta ta shirya, ta ɗauko ambulan ɗin da hoton ƙarshe da aka yi wa Zaharia a asibiti, za su birni wajen likitar huhu. Ta tambaye shi dalili, ya ce ta dai zo. Awa biyu a bas. Ya yi niyyar ya gaya mata kafin su fita daga kwari, sai ya ce bari a wuce gada. Aka wuce gada. Ta ɓare dafaffen ƙwai ta ba shi rabi, tana yi masa faɗa a kan wuyan rigarsa da ya yi datti. Har suka sauka bai buɗe baki ba.

Likita Ortansa mace ce mai kamar shekara arba'in, mai gilashi, ba ta da lokacin ɓatawa. Ta tambayi wanda ba shi da lafiya.

“Ba kowa, Likita,” in ji Ilarie. “Hoton ƙirji nake so a yi mini. In an yi, ki haɗa shi da waɗannan ki duba.”

“Baba, nan ba wurin wasa ba ne. Ka ga layin da ke waje?”

“Na gani. Ki duba gefen hagu kawai. Haƙarƙari uku.”

Ta yi masa kallon tsaf, ta rubuta takarda. Ya je ya tuɓe riga, tsoho mai furfura a ƙirji, ya manna jikinsa a ƙarfen. Kafin mai hoton ya yi magana ya riga ya ja numfashi ya riƙe.

Da hoton ya fito likitar ta jera su a jikin gilashi mai haske. A dama hoton Zaharia na asibiti, huhun ya yi fari fat da tabo, ko wanda bai je makaranta ba ya san ba lafiya. Haƙarƙarinsa lafiyayyu, ba karaya ko ɗaya. A tsakiya ƙananan hotunan mota, goma sha ɗaya. A hagu na Ilarie. Ta ɗauko madubin ƙara girma ta bi su ɗaya ɗaya. A kowane ƙaramin hoto ga ƙulli uku a gefen hagu, inda ƙashi ya karye ya ɗore. Ga su kuma a hoton Ilarie, wuri ɗaya, kama ɗaya. Abin da zai ba ka haushi, duk wanda ya ɗaga hotunan nan sau ɗaya zai gani. Mutanen ofishin diyya ba su taɓa buɗe ambulan ba, fararen takardu kawai suka ƙirga.

Likitar ta cire gilashinta. “Waɗannan ba hotunan mamacin ba ne.”

“Nawa ne,” in ji Ilarie.

“Ka san abin da kake faɗa? Sai ka rubuta ka sa hannu. Za a kira ka, za a yi maka tambayoyi, ban san inda abin zai tsaya ba.”

“Zan sa.”

“Shi kaɗai ka yi wa?”

“Su tara ne.”

Likitar ta jawo kujera ta zauna. Can ta juya ga Saveta, muryarta ta sauko. “Mama, zan rubuta abin da na gani. Irin wannan tabon ba taba ke yin sa ba, kuma ba a shekara biyu yake taruwa ba. Mijinki ya daɗe da shi tun yana rami.”

Saveta ta ɗauki jakarta. Ta miƙe ta fita. Ilarie ya gama sa hannu, ya same ta a baranda a kan benci, jakarta a cinya. Ya tsaya a gabanta.

“Tun yaushe?” ta ce, ba ta ɗago ba.

“Tun shekarar da kuka samu gida.”

“Shi ya roƙe ka?”

“Ya sa na rantse ba za ki ji ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya yi tsammanin za ta zage shi, har so yake ta zage shi. Sai ta yi magana ƙasa ƙasa, kamar da bencin take.

“Ka san me nake ce masa? Raggo. In ya ɗauko buhun dankali ya tsaya a hawa na biyu yana haki, sai in leƙo daga sama in ce, raggo, mazan mutane sun kai nasu tun ɗazu. In ya ce ƙirjinsa, sai in ɗauko farar takardar in kaɗa masa a fuska. Likitoci sun ce lafiyarka lau, ni za ka yi wa ƙarya? A gaban 'ya'yansa, Yaya. A gaban maƙwabta. Ran bikin Rodika ya ce ba zai iya rawa ba, na yi kwana uku ban yi masa magana ba.” Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. “Shekara ashirin ina ce wa mai mutuwa raggo. Kana zaune a teburina kana ji. Kana cin abincina kana ji.”

Gaskiya ne, yana ji. Yakan sunkuyar da kai cikin kwano, Zaharia kuma ya kashe masa ido ya yi murmushi. Ilarie ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

Saveta ta miƙe ta saɓa jaka. “Kar ka biyo ni. Ka jira bas na gaba.”

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Abin da Pantelimon ya faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Wata bazawara ta tofar da yawu a gabansa a bakin gidan burodi. Wata ta tsallaka titi da ta hango shi. A coci wurin da ke kusa da shi ya zama fili. An kira shi birni sau biyu, ya amsa tambayoyi, aka sallame shi, wai abin ya daɗe. Amma cikin matan nan uku sun ɗauko nasu ambulan, suka zo ƙofarsa, ba gaisuwa, suka ce ran kaza za a tafi. Ya bi su. Kowace tafiya ya zauna a kujerar baya, ya je ya sa hannu, ya dawo. Pantelimon ya rasu kafin Kirsimeti. Ba sauran mabusa a garin, kuma ba wanda ya nemi Ilarie ya busa.

Saveta ta ƙi tafiya Italiya a sanyin nan. Ta ce wa Rodika sai ta ga ƙarshen maganar, ko da za ta daskare. Ta kwashe watannin a kicin. Ilarie yakan saro itace ya hau da shi hawa huɗu ya ajiye a ƙofarta, ya sauko bai ƙwanƙwasa ba. Itacen yakan shiga ciki. Magana dai babu.

Wata goma sha huɗu aka yi. Ran wata Asabar da hantsi, ciyawa ta fara tsirowa, ya ji ana buga ƙofarsa. Saveta ce, cikin baƙin ɗankwali, da ambulan a hannu. Ba ta shigo ba.

“Sa hularka. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu.”

Ya bi ta a baya har maƙabarta. Ta durƙusa ta kunna kyandir a gindin gicciyen Zaharia, ta kare shi da tafin hannu har ya kama. Ta miƙo wa Ilarie takardar ta baya, ba ta waiwayo ba.

“Karanta masa. Da ƙarfi.”

Ya cire hula ya karanta. Kwamiti ya sake duba lamarin. An soke hukuncin farko. An tabbatar cewa marigayi Zaharia ya kamu da cutar ƙurar kwal yana bakin aiki a ƙarƙashin ƙasa, tun aƙalla shekarar 1980, kuma ita ce ajalinsa. Matarsa ta cancanci diyya. Ya fara karanta adadin, ta ɗaga hannu.

“Bar wannan. Koma wurin shekarar.”

Ya koma ya sake karantawa.

Saveta ta dafa ƙasar kabarin da hannu biyu. “Ka ji ko, Zaharia? Sun rubuta. Da hatimi. Ba ragwanci ba ne.” Ta gyara kyandir ɗin da bai karkace ba. “Ina nan, ba inda za ni. Gidan ma yana nan. Ka yafe mini abin da na faɗa maka a matakala.”

Ilarie yana tsaye da hula a hannu ɗaya, takarda a ɗaya, bai san inda zai sa kansa ba. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta ninke ta, ta sa a ƙirji.

“Je ka, Yaya. Ina da magana da mijina.”

Ya juya ya bi ta tsakanin kaburbura. Ya kai bakin ƙofar maƙabartar ke nan ya jiyo kukanta, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ya dafa ƙarfen ƙofar ya tsaya a waje, yana jira ta gama.